Ranar da Orville Ya Tsaya wa Madugu

A duk unguwar Millbrook ta birnin Harlow babu wanda bai san Orville Stamper ba, har wanda bai so saninsa ba. Sana'arsa wankin darduma a gidajen mutane, yana da wata farar mota mai ƙofar gefe da ake ja ta zame, a ciki yake jibge injinansa. Ranar Lahadi kuma shi ke tsayawa a ƙofar cocin unguwar yana gaisawa da masu shiga. Shekara goma sha tara yana wannan tsayuwa, kuma ya ɗauke ta tamkar kujerar gwamna. Shekarunsa sittin da ɗaya, tumbinsa kan riga shi shiga ɗaki. Amma in ka ba shi minti biyar, sai ka ji cewa da kocinsu na sakandare bai tsane shi ba, da yanzu hotonsa na rataye a kowane gida a ƙasar.

"Ajinmu ɗaya," in ji Wendell Boggs, mai shagon aski, wanda kuma shi ne wan Darlene, matar Orville. "Sau ɗaya tak aka sa shi a wasa, saura minti biyu a tashi. Ya duba gabas ya duba yamma, ya jefa wa alƙalin wasa ƙwallo."

"Shi kaɗai ne babu mai tsaronsa," Orville kan amsa. "Wannan shi ake kira hangen fili."

A shekarar da nake ba ku labari, abin da ya hana Orville sakat shi ne maganar Tobias Renfro. Renfro saurayi ne ɗan shekara ashirin da biyar, shi ne madugun Maƙeran Harlow, ƙungiyar ƙwallon Amurka ta garin, wato wanda ake miƙa wa ƙwallo ya jefa wa abokan wasansa. Yana da wata ɗabi'a guda: kafin wasa da bayan wasa yakan koma gefen fili, ya sa gwiwa ɗaya a ƙasa ya yi addu'a, ko an ci ko an sha kashi. Bara, da Maƙera ke ta lallasa mutane, jaridu sun yi ta yabon tarbiyyarsa, aka buga riguna da hotonsa a durƙushe, har a mashaya ana sayarwa. Bana da aka ci su sau biyar a jere, sai durƙuson ya zama laifi. Mutanen da suka sayi rigunan su ne yanzu ke masa ihu, suna jifansa da kofunan takarda, wasu har su durƙusa a kan kujerunsu suna kwaikwayonsa. Wanda ke hura wutar kuwa shi ne Dutch Kessler, mai shirin safe a gidan rediyon wasanni. Ana kuma ta raɗe-raɗin cewa in aka ci Maƙera a wasansu da Mafarautan Garner, mako uku masu zuwa, za a sallami yaron.

Wata Asabar da safe Orville na kan kujerar Wendell, an lulluɓe shi da ƙyalle har wuya, rediyo na kunne. Dutch na cewa, "Ni ban hana kowa addu'a ba. Amma mu mai jefa ƙwallo muka ɗauka aiki, ba limamin coci ba."

Orville ya zabura, almakashi ya ɗan ci masa gefen kunne.

"Zauna, kada ka ɓata mini ƙyalle da jini," in ji Wendell.

"Ka ji shi ko? In yaron ya ci, su ce sa'a ce. In an ci shi, su ce addu'a ce ta ɗauke masa hankali. Ran nan sau huɗu ya sa wa mutum ƙwallo a tafin hannu, mutumin ya yar. Wa aka zaga? Wendell, garin nan ya rasa namijin da zai buɗe baki."

"Baki kam kana da shi."

"Ka ba ni mako uku. Zan sa Dutch Kessler ya haɗiye maganarsa a gaban kowa. Zan juya wannan gari kamar yadda nake juya darduma."

"Ka gaya wa Darlene?"

"Wannan ba maganar mata ba ce."

"To, ba ka gaya mata ba ke nan. Karkata kai."

Litinin da sassafe Orville ya zauna a teburin kicin da takarda shafi shida da ya rubuta da hannunsa, ya buga wa gidan rediyon waya. Wata yarinya ta ɗauki sunansa ta ce ya dakata a kan layi. Ya dakata. Minti ashirin, minti arba'in, ana ta sa masa wani kiɗa mai sa gyangyaɗi. Darlene ta ajiye masa kofi da soyayyen ƙwai, ta dubi takardun, ta dube shi, ta wuce abinta.

Da jira ya ishe shi, sai ya ga gara ya yi gwaji. Ya miƙe tsaye, waya a kunne, ya shiga yin muhawarar shi kaɗai: ya yi maganar Dutch da babbar murya, sannan ya ba da amsa da tasa. Sau uku yana yi, kuma sau ukun yana kayar da Dutch warwas. A na huɗu ya cika ƙirji da iska, ya ɗauki muryar Dutch ya ce, "Wannan yaro Renfro, ko dankali ba zai iya jefawa cikin tukunya ba. A tattara shi da addu'o'insa a mayar wa uwarsa."

Ya buɗe baki zai ba da amsa ke nan, sai ya lura kiɗan ya ɗauke. Wata murya ta tuntsire da dariya a kunnensa.

"Kai, madalla da Orville daga Millbrook," in ji Dutch Kessler. "Ka faɗi abin da ke zuciyar garin nan a jimla biyu. Mai kira na gaba."

Layi ya katse. Orville ya tsaya da shafi shida a hannu. Darlene ta leƙo daga falo, inda nata rediyon ke kunne.

"Ni dai na ɗauka goyon bayansa za ka yi."

"Dabara ce."

"To. Ƙwanka ya huce."

Kafin azahar an yanko muryar Orville an ajiye. Duk lokacin da aka ambaci Renfro a shirin, sai a danna maɓalli, gari ya ji Orville yana maganar dankali da tukunya. Ya sake kira sau goma sha ɗaya, yarinyar ta ce masa ai ya riga ya yi nasa, a bar wa wasu.

"Rediyo iska ce," ya gaya wa Wendell. "Magana ta wuce ta wuce. Abin da aka rubuta shi ke zama."

Ya sayo jan fenti. Ya kwashe yinin Asabar a bakin garejinsa, ya rubuta a jikin farar motar da haruffa masu tsawon kamu biyu: KADA A KORI RENFRO. Ya fara daga baya ya yi gaba, ya ja da baya ya duba, har ya kira Darlene ta gani. Ta ce rubutun ya yi kyau, amma ya kamata ya gyara makullin ƙofar nan da ke zamewa tun bazara. Ya ce mata manyan al'amura ne a gabansa.

Lahadi bayan an tashi daga coci, ko kwat ɗinsa bai cire ba ya nufi filin wasa. Maƙera na wasa a gida. Filin ajiye motoci ya cika da mutane, kowa ya kafa murhu a bayan motarsa yana gasa nama. A daidai ƙofar shiga akwai wani ɗan tudu da aka yi don rage gudu. Orville ya haye shi da ƙarfinsa. Ƙofar gefe ta yi ƙara ta zame baya, ta zauna daram a kan kalmar farko. Injinan wanki sun tare tsakaninsa da bayan motar, ga rediyo na ta kururuwa, bai ji ba bai gani ba.

Abin da ya gani shi ne jama'a sun taso. Ana tafi, ana fito, ana buga jikin motar. Wani ƙato mai gemu ya zura masa cinyar kaza ta taga. Wani ya ce, "Shi ne mai dankalin." Orville ya ji idonsa ya kawo ruwa. Ashe mutanen garin nan na da zuciya, jagora kawai suke jira. Ya zagaya filin sau uku a hankali yana ɗaga musu hannu.

Da ya tsaya, wata 'yar jarida ta gidan talabijin ta iso da mai ɗaukar hoto. Orville ya fito ta ƙofar direba, ya gyara kwat, ya zagayo yana kallon kyamara kawai, ya tsaya ya ba motar baya.

"Mista Stamper, me kake so shugabannin ƙungiya su yi da Tobias Renfro?"

Ya nuna bayansa da babban yatsa ba tare da ya waiwaya ba. "Ga shi nan a rubuce, 'yata. Duk mai ido ya karanta. Ba ni da abin ƙarawa."

"Kai kaɗai ne da wannan ra'ayi?"

"Ni kaɗai? Shekara goma sha tara ina tsaye a ƙofar cocin Millbrook. Na san zuciyar kowa a ciki. Daga Fasto Hollis har mai share dandamali, abin da ke jikin motar nan shi ne bakinmu."

Sai da yamma, a falonsa, ya ga abin da ke jikin motar: A KORI RENFRO. An sa shi a labaran ƙarfe shida, an maimaita a na bakwai. A ƙasan hotonsa an rubuta: Har coci ta juya wa Renfro baya. Maƙera kuma an sake cin su.

Darlene ta tashi ta ɗauko masa waya, wadda ta riga ta fara ƙara.

Fasto Hollis mutum ne mai sanyin magana. Ya ce, "Ɗan'uwa Orville, tun ɗazu fastoci tara suka kira ni. Mahaifiyata ma ta kira daga gidan tsofaffi, ta tambaye ni yaushe na zama haka."

"Fasto, ƙofa ce."

"Maganar ƙofa nake so mu yi. Ɗan'uwa Lyle zai riƙe maka ita zuwa wani lokaci."

"Lyle? Lyle ko murmushi bai iya ba."

"Gaskiya ne. Amma bai iya magana ba ma."

A makon nan tsofaffin matan coci huɗu suka ce a bar musu dardumarsu da dauɗarta. A madadinsu masu mashaya suka yi ta kira, suna so mai dankali ya zo da kansa ya yi musu wanki su ɗauki hoto da shi. Wani ma ya buga riguna da fuskar Orville da tukunya.

Ranar Laraba Orville ya sa kwat ya tafi gidan rediyon da ƙafarsa. Ya gaya wa Darlene cewa ba zai fito ba sai an karanta gyara. Ya yi shirin faɗa da masu gadi, sai ya tarar ana masa maraba kamar ɗan gida. Kafin ya ankara an zaunar da shi gaban makirufo, ga Dutch Kessler, ɗan siririn mutum mai sanƙo, wanda bai kai rabin muryarsa ba.

"Jama'a, ga mai dankali da kansa."

"Sunana Orville Stamper, kuma ni masoyin Tobias Renfro ne. Duk abin da kuka ji kuskure ne. Ku ne kuke juya magana. Yaron nan ya fi kowa hannu a ƙasar nan, kuma ni na san hannu, don ni ma madugu ne a zamanina."

Idon Dutch ya yi ƙyalli. "Kai madugu ne?"

"Tambayi duk wanda ya yi sakandaren Millbrook."

"To ga shawara, Orville. Ranar wasa da Mafarauta, kafin a fara, gidan rediyonmu na da minti biyar a tsakiyar fili. Za mu rataye taya. Ka tsaya a yadi goma ka jefa ƙwallo. In ta wuce ta cikin tayar, ni Dutch Kessler zan sa gwiwa a ƙasa a gaban mutum dubu sittin in nemi gafarar Renfro. In ba ta wuce ba, ka sa rigar nan mai tukunya har ƙarshen shekara."

"Yadi goma?" Orville ya yi dariya. "Raini ke nan. Yadi goma ai na 'yan firamare ne."

"Ashirin?"

"Mai da shi talatin."

"Jama'a kun ji da kunnenku."

Da ya koma gida ya tarar da Wendell a kicin yana cin kek ɗin Darlene. Wendell ya ce, "Mutum ya ba ka goma, ka ce talatin. Ko a kasuwar tsofaffin motoci ban taɓa ganin mai ciniki irinka ba."

"A yadi goma hannuna ya yi ƙarfi da yawa. Sai in fasa tayar."

Ya rataye tsohuwar taya a reshen bishiyar da ke gaban gidansa, ya auna yadi talatin, wanda ya kai shi har tsakiyar titi. Jifar farko ta sauka a yadi takwas. Ya ce ɗumama jiki yake. Ta biyu ta tafi hagu ta sauke fitilar barandar Misis Opal Gaither, gwauruwar da ke maƙwabtaka da su. Ta fito da tabarau a hanci.

"Orville, ni ma korata za a yi?"

"Iska ce, Misis Gaither."

"Ganyen bishiya ko motsi ba ya yi."

"Iskar sama ce. Sai masana."

Kafin Juma'a ya fasa tukunyar furanni biyu, ya lotsa akwatin wasiƙun gidan da ke kallonsu, ya kuma sa mai raba wasiƙu ya koma zagayawa ta bayan layi. Maƙwabta suka fara fitowa da kujerunsu kowace yamma, da kofunan shayi mai ƙanƙara. Da farko sun zauna nesa-nesa, sai suka ga babu inda ƙwallon ba ta zuwa. Wendell ne ya warware matsalar. Ya ɗauki kujerarsa ya dasa a bayan tayar, fuskarsa daidai ramin, ya buɗe jarida.

"Tashi daga nan, zan ji maka ciwo," in ji Orville.

"Duk layin nan babu wuri mai aminci kamar nan."

Washegari mutum tara ne a jere a bayan Wendell.

Daren jajibirin wasan Darlene ta same shi a gareji yana shafa man zafi a kafaɗa. Ta ce, "Orville, kira su ka ce hannunka ya gurɗe. Babu wanda zai yi mamaki."

"In bar yaron nan shi kaɗai?"

"Ina ganin zai iya jurewa."

"Ba ki san fili ba, Darlene. A gida hannu kan yi sanyi. Amma in mutum dubu sittin suka zuba maka ido, wani ƙarfi ke sauko maka."

Ranar wasa filin ya cika har saman bene. Rana ta fito, 'yan wasan ƙungiyoyin biyu na motsa jiki a gefe da gefe. Aka turo tayar a kan wani ƙarfe mai ƙafafu, aka kira sunan Orville a lasifika, hotonsa ya bayyana a babban allo. Ya shigo da tsohuwar rigarsa ta sakandare, wadda ta tsaya masa a saman cibiya. Jama'a suka ɗauki waƙa: dankali, dankali. Ya ɗaga musu hannu.

Dutch ya miƙa masa ƙwallo. Orville ya hangi tayar. Daga nan ta yi masa kama da zoben aure. A nan ne wata dabara ta faɗo masa, wadda yake ganin za ta rufe bakin kowa: zai yi abin da Renfro ke yi, a tsakiyar fili, don duniya ta san inda ya tsaya. Ya sa gwiwar dama a ƙasa, ya sunkuyar da kai.

Filin ya ɗauki ihu da dariya. Mutanen da suka san shi a matsayin sarkin maƙiyan Renfro suka ɗauka kwaikwayo ne, mafi kyau da aka taɓa yi. Nan da nan dubban mutane suka durƙusa a kan kujerunsu suna tuntsira dariya, suna nuna Renfro da yatsa. Ko a ranar da aka ci su da maki arba'in ba a yi wa yaron irin wannan ba.

Orville ya ji hayaniyar ya ɗauka tuba ce ta sauko wa gari. Ya ce amin, ya yunƙura zai tashi. Gwiwa ta ce ba ta san zancen ba. Ya sake yunƙurawa. Wani abu ya yi ƙas a ƙugunsa, ya riƙe.

"Orville," in ji Dutch a makirufo, "minti biyar muka saya, ba hidimar Lahadi ba."

"Daga nan zan jefa," Orville ya ce da haƙora a cije. "Don in ba ka dama."

Ya ja hannu baya iya ƙarfinsa, ya saki. Ƙwallon ta kuɓuce daga yatsunsa ta tafi sama tsaye, ta yi jim kamar tana shawara, ta dawo ta sauka a tsakar kansa. Ya kife ta baya, ƙafa ɗaya a naɗe, ɗaya a sama, tumbi na kallon rana. A babban allo aka maimaita abin a hankali, sau biyu, daga kusurwa daban-daban.

Yana nan kwance yana kallon gajimare sai wata inuwa ta rufe shi. Wani dogon saurayi ne da hular wasa a hannu, fuskarsa ɗauke da gajiya da ɗan murmushi.

"Yallaɓai, kada ka yi sauri. Riƙe wuyana."

Tobias Renfro ya ɗaga shi cak kamar jakar wanki, ya tsayar da shi, ya kakkaɓe masa ciyawa a baya. Orville ya riƙe hannunsa da hannu biyu.

"Ɗana, ni ne Orville. Ni naka ne. Duk abin da ka gani, don kai na yi."

"Na sani, Mista Stamper. Fasto Hollis ya rubuto mini wasiƙa, shafi uku. Na gode ƙwarai." Ya ɗan matso kusa da kunnensa. "Amma ina da roƙo. Kafin ka fara taimakona kofuna ake jifana da su. Yanzu dankali ne. Jiya an aika wa mahaifiyata buhu biyu. In da gaske kana ƙaunata, don Allah ka koma ka goyi bayan Mafarauta."

Ya sunkuya ya ɗauki ƙwallon, don ya kawar da ita daga fili, ya wurga ta da hannu ɗaya yana tafiya. Ta tafi kamar an ja zare, ta wuce ta tsakiyar tayar ba ta taɓa gefe ba. Can wani ya fara tafi a sama, wasu suka kama, waɗanda ke durƙushe suka miƙe suna kakkaɓe gwiwa kamar wani abu suka yar suke nema.

"Da Orville na yi alkawari, ba da shi ba," in ji Dutch da sauri, ya miƙa wa Orville rigar tukunya.

Orville ya sa rigar a kan ta sakandare. Bai koma wurin Darlene da Wendell ba. Ya ɗingisa har can ɓangaren baƙi, ya kutsa tsakiyar magoya bayan Mafarauta, ya zauna. Da suka ga rigar suka rungume shi, suka ɗaura masa koren gyale. Ya buɗe murya ya shiga yi musu kirari, yana ba madugunsu shawara daga nesa. A jifar farko madugun Mafarauta ya miƙa wa ɗan Maƙera ƙwallo a hannu. Kafin hutun rabin lokaci ya maimaita sau biyu. Mai bugun ƙafarsu, wanda bai yi kuskure ba duk shekarar, ya daki ƙarfen raga. Zuwa zagaye na ƙarshe kujeru shida na kowane gefen Orville babu kowa, wata mata kuma ta zo ta karɓe gyalenta. Maƙera suka ci da maki talatin da ɗaya, Mafarauta goma. Renfro ya koma gefen fili ya sa gwiwa ɗaya a ƙasa kamar kullum.

Washegari jarida ta fito da babban kanu: Duk da Renfro, Maƙera sun yi nasara. Dutch ya kwashe sa'a guda yana bayanin cewa Mafarauta ne suka ci kansu. Amma ba a sallami yaron ba.

Orville ya karanta jaridar a kwance a doguwar kujerar falo, da jakar ƙanƙara a gwiwa, wata a ƙugu, wata a ka. Wendell da Misis Gaither sun zo dubiya.

"Mutane ba za su gane ba," Orville ke gaya musu. "Aiki na sirri ya ba ni. A gaban mutum dubu sittin ya zaɓe ni, ya raɗa mini a kunne. Na shiga cikin maƙiya ni kaɗai na wargaza su daga ciki. Na ce muku mako uku, ko ban ce ba?"

"Ka ce," in ji Wendell. "Su wa Maƙera za su kara da su mako mai zuwa? Ya kamata a sanar da mutanen, su san abin da ke tafe."

Darlene ta shigo da faranti, ta ajiye masa miyar kaza a kan ɗan tebur, ta gyara masa matashi. Orville ya dube ta, zuciyarsa ta yi laushi. Ya kamo hannunta.

"Darlene, kin yi haƙuri da ni. Na yi ta tsaya wa bare na manta da na gida. Daga yau ke zan tsaya wa. Duk wanda ya kuskura ya faɗi wata magana a kanki a garin nan, ni da kaina zan..."

Ta zare hannunta a hankali, ta sa masa cokali a ciki.

"Kada ka soma, Orville. Shekara talatin da takwas ina zaune lafiya da mutane."